Ɗaliban 2019 a Poland: Yadda Barin Makaranta Ya Koma Sauya Makaranta

A watan Satumban 2019 makarantun babbar sakandare na ƙasar Poland suka karɓi sababbin ɗalibai fiye da dubu 700 a lokaci guda, kusan ninki biyu na abin da suka saba karɓa a shekara. Asalin wannan cunkoso sauyin tsarin ilimi ne da gwamnatin jam'iyyar PiS ta fara aiwatarwa a 2017, lokacin da Anna Zalewska ke riƙe da ma'aikatar ilimi. Tun daga 1999 yaro yana yin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare da suke kira gimnazjum, sannan ya wuce babbar sakandare. Sabon tsarin ya soke gimnazjum, ya mayar da firamare shekara takwas, ya kuma ƙara wa babbar sakandare shekara guda. Saboda haka a bazarar 2019 rukuni na ƙarshe na 'yan gimnazjum, waɗanda akasarinsu aka haifa a 2003, da rukuni na farko da ya kammala aji takwas, 'yan 2004, suka iso ƙofa ɗaya a rana ɗaya. Abin da ya sami waɗannan yara, da ƙannensu da suka biyo baya a 2022 da 2023, ya fito da dalilan da ke sa matashi a Poland ya bar makarantar da ya fara, fiye da yadda za a gan su a shekarar da komai ke tafiya daidai.

Wanda ya duba alƙaluman Tarayyar Turai zai ɗauka babu wata matsala a nan. A 2023 hukumar ƙididdiga ta Eurostat ta nuna cewa kashi 3.7 cikin 100 ne kawai na matasan Poland masu shekara 18 zuwa 24 suka bar karatu da wuri, alhali matsakaicin Tarayyar ya kai kashi 9.5, Jamus ta haura kashi 12, Romaniya kuwa ta haura 16. Alƙaluman gaskiya ne, amma ya kamata a san abin da suke ƙirgawa. Suna ƙirga matashin da bai wuce matakin ƙaramar sakandare ba kuma ba ya cikin wani karatu ko horo a makonnin da aka yi binciken. Yarinyar da ta bar makarantar da ta yi shekara biyu tana burin shiga ta koma karatu daga gida ba ta cikin lissafin. Haka yaron da ya maimaita aji, ya sauka zuwa makarantar sana'a, ko ya yi rajista a makarantar manya ta ƙarshen mako yana zuwa jefi-jefi. Duk waɗannan a takarda ɗalibai ne.

Dalilin da ya sa lamarin ya ɗauki wannan siffa yana cikin doka. Sashe na 70 na kundin tsarin mulkin Poland ya wajabta neman ilimi har zuwa shekara 18, kuma ƙaramar hukumar da yaro ke zaune a cikinta ita ke da alhakin sa ido. Idan ɗalibi ya yi fashin rabin kwanakin makaranta a wata guda ba tare da uzuri ba, doka tana ɗaukarsa a matsayin wanda bai cika wannan wajibi ba, kuma ana iya cin iyayensa tara. Matashi ɗan shekara 16 da makaranta ta ishe shi ba shi da damar ya ajiye jaka ya zauna a gida ko ya tafi neman kuɗi kai tsaye, don haka abin da ya rage masa shi ne ya nemi wata makarantar. Mafi yawan abin da a wata ƙasa zai bayyana a matsayin barin karatu, a Poland yana bayyana ne a matsayin sauya sheƙa daga wannan makaranta zuwa waccan.

Makarantun da ake zaɓa a tsakaninsu iri uku ne. Akwai liceum, ta shekara huɗu, wadda ke shirya ɗalibi domin jarrabawar matura da ake shiga jami'a da ita. Akwai technikum, ta shekara biyar, inda ake haɗa karatun matura da koyon wata sana'a kamar fasahar kwamfuta, lantarki, aikin otal ko sarrafa jigilar kaya. Sai makarantar sana'a ta matakin farko, branżowa, ta shekara uku, wadda ke ba da shaidar sana'a amma ba ta kai ɗalibi ga matura sai ya ƙara shekara biyu a mataki na biyu ko ya bi ta makarantar manya. Abin da baƙo bai cika lura da shi ba shi ne, yaro yana neman wani takamaiman aji ne a cikin makarantar. A liceum guda za a tarar da ajin lissafi da fiziks, ajin bayoloji da kemistiri, da ajin tarihi da adabi, kowanne da darussa biyu ko uku da ake zurfafawa a cikinsu da awoyi masu yawa a mako. A technikum kuwa ajin yana ɗauke da sunan sana'ar. Ɗan shekara 14 ko 15 da ya cike takardar nema a intanet a watan Mayu ko Yuni ya riga ya zaɓi hanyar da za ta yanke masa fannonin da zai iya nema a jami'a shekara huɗu ko biyar nan gaba, kuma duk shirin da tsarin karatu ya tanadar masa kafin wannan zaɓi shi ne awa goma na jagorancin zaɓen sana'a a aji bakwai da wasu goma a aji takwas.

Rabon gurabe kuma da maki ake yin sa, mafi yawa 200. Ɗari daga jarrabawar ƙarshen firamare suke fitowa: sakamakon Polanci da na lissafi ana ninka kowanne da 0.35, na harshen waje da 0.3. Sauran ɗarin daga takardar shaidar kammalawa suke. Darajojin makaranta a Poland daga 1 zuwa 6 suke, kuma ana duba darussa huɗu, Polanci da lissafi da wasu biyu da makarantar da ake nema ta ayyana, inda 6 ke ba da maki 18, 5 ke ba da 17, 4 ke ba da 14, 3 ke ba da 8, 2 kuma ke ba da 2 kacal. Shaidar kammalawa da yabo tana ƙara 7, aikin sa-kai 3, nasara a gasanni har zuwa 18. A ɗauki misalin yarinyar da ta ci kashi 80 a Polanci, 40 a lissafi, 90 a Ingilishi: maki 28 da 14 da 27 ke nan, jimla 69. Idan darajojinta 5 ne a Polanci, 3 a lissafi, 4 da 5 a sauran biyun, ta samu 56, da aikin sa-kai ta tashi da 128. Da malamin lissafi ya ba ta 4 maimakon 3, da ta samu ƙarin maki shida, alhali tsakanin 5 da 6 maki ɗaya ne tak. A babban birni maki shida sun isa su raba yarinya da ajin da ta sa a farkon jerinta su jefa ta cikin na bakwai ko na takwas, domin na'ura ce ke bin jerin zaɓinta daga sama zuwa ƙasa ta ajiye ta a wuri na farko da makinta ya kai.

A shekarar da ake da isassun gurabe wannan tsari yana aiki ba tare da wani babban rauni ba. A 2019 gurabe sun yi ƙaranci a makarantun da kowa ke so. Shekarar ma ta zo da wata damuwa tun kafin nan, domin ranar 8 ga Afrilu ƙungiyar malamai ta ZNP, ƙarƙashin Sławomir Broniarz, ta shiga yajin aikin gama-gari da ya ɗauki kusan mako uku, kuma a tsakiyarsa aka yi jarrabawar 'yan gimnazjum da ta 'yan aji takwas. Da aka fitar da jerin waɗanda aka ɗauka a watan Yuli, dubban ɗalibai a Warsaw da Krakow da sauran manyan birane suka tarar ba su samu ko ɗaya daga cikin zaɓinsu ba, har da masu shaidar yabo. Ma'aikatar ilimi ta dage cewa a faɗin ƙasa gurabe sun fi ɗalibai yawa, kuma a lissafi haka ne. Sai dai gurbin da ya rage sau da yawa yana cikin makarantar sana'a ne a wani gefen gari, ko a ajin technikum na sana'ar da yaron bai taɓa tunaninta ba. A zagaye na biyu iyaye suka riƙa bin makarantu ɗaya bayan ɗaya da takardu a hannu suna neman duk inda aka samu kujera. A ganina nan ne akasarin sauyin makaranta na shekarun da suka biyo baya ya samo tushe: yaron da aka ajiye a inda bai zaɓa ba yana shiga aji ne a watan Satumba da niyyar fita idan dama ta samu.

Waɗanda suka samu shiga inda suke so ma ba su tarar da makarantar da yayyensu suka sani ba. An cika azuzuwa fiye da kima, an mayar da ɗakunan da ba na karatu ba ajujuwa, makarantu da dama a birane suka koma karatun safe da na yamma, har wasu ɗalibai suna tashi bayan faɗuwar rana a lokacin sanyi. A gini guda ana koyar da manhaja biyu, ta shekara uku ga 'yan gimnazjum da ta shekara huɗu ga 'yan firamare, kuma malami ɗaya ne ke ɗauke da duka. Ga 'yan gimnazjum akwai wani tarko na musamman, domin su ne rukuni na ƙarshe a tsohon tsari, babu aji a bayansu da za su faɗa ciki. Wanda ya kasa wucewa daga aji ɗaya na liceum mai shekara uku sai ya koma aji ɗaya na mai shekara huɗu, da wata manhaja dabam, ya yi asarar shekara biyu maimakon ɗaya. Bayan wata shida da fara karatun kuma, a watan Maris na 2020, annobar korona ta rufe makarantu, kuma ɗaliban babbar sakandare suka shafe mafi yawan shekarar karatu ta 2020 zuwa 2021 a gaban kwamfuta. Rukunin da bai gama sanin juna ba ya rabu, kuma wanda ya yi rauni a lissafi ko kemistiri ya iya ɓoye rauninsa har zuwa lokacin da aka dawo aji, inda giɓin ya bayyana gaba ɗaya.

Yadda ɗalibi ke zamewa daga makaranta yana da matakai da duk malamin Poland ya sani. Darasin da aka zurfafa ya fi ƙarfinsa, ko kuwa a technikum nauyin darussan sana'a da na matura tare ya danne shi. Darajar 1, wato ta faɗuwa, ta fara taruwa a rajistar intanet irin su Librus da Vulcan, wadda iyaye ke gani a wayarsu kafin yaron ya iso gida. Sai ya fara fashin ranar gwaji, daga nan fashin darasin baki ɗaya. Idan fashinsa ya wuce rabin awoyin darasin kuma babu abin da za a auna shi da shi, ba za a ba shi daraja ba sai ya zauna wata jarrabawa ta musamman. Wanda ya ƙare shekara da 1 a darasi ɗaya ko biyu yana da damar jarrabawar gyara a makon ƙarshe na Agusta, wanda ya faɗi fiye da haka kuwa maimaita aji ya kama shi. Iyalin da ke da hali suna tare wannan gangara da malamin lasin, wanda a Poland ya zama ruwan dare musamman a lissafi. Iyalin da ba su da shi sukan ji shawara daga makaranta cewa watakila yaron zai fi jin daɗi a wani wuri. Wannan shawara wani lokaci ta gaskiya ce. Amma kowace shekara a watan Janairu mujallar Perspektywy tana fitar da jerin fifikon makarantu bisa sakamakon matura da gasannin ilimi, iyaye da hukumomin birane suna bibiyar jerin sosai, kuma koken da aka daɗe ana yi shi ne wasu makarantu sun fi son ɗalibi mai rauni ya tafi kafin ajin ƙarshe da ya zauna ya rage musu matsakaici.

Sauyin kansa ba daidai yake da sauƙi ta kowace fuska ba. Shugaban makarantar da ake son komawa shi ke yanke hukunci, kuma sai akwai gurbi. Bayan haka ɗalibin zai cike bambancin manhaja, wato ya koyi abin da sabon ajinsa ya riga ya wuce bisa sharuɗɗan da malamai suka gindaya. A zangon farko na aji ɗaya wannan abu ne mai yiwuwa. A aji biyu, wanda ke son komawa ajin bayoloji da kemistiri daga ajin adabi yana bin bashin shekara guda ta darussa masu zurfi, wanda ke son shiga technikum daga liceum kuma yana bin bashin darussan sana'a da aikin hannu, don haka sau da yawa sai ya yarda ya koma baya da shekara. Sauka kuwa ba ta da wannan wahala, domin makarantun sana'a na matakin farko galibi suna da gurabe. Can ɗalibin zai iya zama matashin ma'aikaci a wurin mai gyaran mota ko gidan burodi ko shagon gyaran gashi, yana kwana biyu ko uku a aji sauran a wurin aiki, ana biyansa ɗan abin da doka ta ƙayyade, wanda daga Satumban 2023 ya zama aƙalla kashi 8, 9 da 10 cikin 100 na matsakaicin albashin ƙasa a shekara ta farko da ta biyu da ta uku. Ga wasu yaran wannan ne karo na farko da makaranta ta yi musu ma'ana, kuma bai kamata a ƙirga su cikin waɗanda suka yi asara ba. Matsalar ita ce an iso wurin ne ta hanyar faɗuwa, da tabon da ke tare da ita, maimakon ta hanyar zaɓi.

Cunkoson ya sake dawowa a 2022 da 2023 saboda wani tsohon sauyi. Gwamnatin da ta gabaci PiS ta rage shekarun shiga firamare zuwa shida, aka shigar da 'yan shekara shida tare da 'yan bakwai a 2014 da 2015, sannan PiS ta soke matakin a ƙarshen 2015. Bayan shekara takwas waɗannan manyan rukunai biyu, kowanne kusan rabin miliyan, suka iso babbar sakandare, da yawansu suna da ƙarancin shekara guda a kan waɗanda suka gabace su. A wannan karon sun tarar da wata ƙofa da 'yan 2019 ba su samu a buɗe sosai ba. A 2021 an sassauta dokar karatu daga gida, aka cire sharaɗin kawo takardar ra'ayi daga cibiyar masana halayyar yara, aka kuma cire sharaɗin cewa makarantar da za a yi rajista ta kasance a lardin da yaron ke zaune. Ɗalibi yana nan da sunansa a wata makaranta, ba ya zuwa aji, yana zana jarrabawar kowane darasi sau ɗaya a shekara, kuma yana da damar matura kamar kowa. Makarantar Szkoła w Chmurze, mai cibiya a Warsaw, ta tara dubban ɗalibai ta wannan hanya cikin ƙanƙanin lokaci, kuma kaso mai yawa daga cikinsu 'yan babbar sakandare ne. Lokacin da Przemysław Czarnek ke ministan ilimi majalisa ta zartar da dokar da za ta sake tsaurara sharuɗɗan, amma shugaba Andrzej Duda ya ƙi sa mata hannu a watan Disamban 2022.

Dalilan da masu komawa gida ke bayarwa sun bambanta da na masu sauka zuwa makarantar sana'a. Akwai ƙwararrun ɗalibai da ke ganin awoyi masu yawa a darussan da ba za su zana a matura ba ɓata lokaci ne, akwai 'yan wasa da masu kiɗa, akwai kuma waɗanda tsoro da damuwa ko tsangwamar 'yan aji suka hana su tsallaka ƙofar makaranta, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwar yara suka yi ƙaranci ƙwarai kuma jiran ganinsu ke ɗaukar watanni. Ga rukunin farko mafita ce mai kyau. Ga na ƙarshe kuwa ana iya gudun gara a faɗa gidan zago, domin yaron da ya kasa tashi ya je aji ba lallai ne ya iya tsara wa kansa karatun shekara guda shi kaɗai a ɗaki ba, musamman idan iyayen duka suna wurin aiki.

A ƙananan garuruwa da ƙauyuka lamarin yana da wata fuska. Babbar sakandare a hannun gunduma take kuma galibi a hedikwatar gundumar take, alhali motocin haya na tsohon kamfanin PKS sun daina zuwa ƙauyuka da yawa tun bayan sauyin tattalin arziki na shekarun 1990. Yaro yakan zaɓi makarantar da mota ke kaiwa, ko da fannin bai dace da shi ba, ko ya zauna a ɗakin kwanan ɗalibai nesa da gida yana ɗan shekara 15. A nan ne kuma ake samun barin makaranta na ainihi, kuma yana da ranarsa: ranar cika shekara 18. Ɗan liceum yana gamawa ne yana da 19, ɗan technikum yana da 20, don haka akwai shekara ɗaya ko biyu da doka ba ta riƙe shi ba, makaranta kuma tana iya cire sunansa bisa dokokinta na cikin gida idan fashi ya yi yawa. Da ƙarancin rashin aikin yi da Poland ta samu a shekarun nan, da rumbunan ajiyar kaya da wuraren gini da ke neman hannu, da Jamus a maƙwabtaka, albashin wata yana rinjayar shekara biyu na zaman aji ga wanda ya riga ya maimaita sau ɗaya. Da yawa sukan yi rajista a liceum ta manya don su ƙarasa a ƙarshen mako, wasu su ƙarasa, wasu sunan kawai ya rage. Waɗanda suka zame tun da wuri kuwa akwai hukumar gwamnati ta OHP, wadda ke haɗa musu karatu da koyon sana'a.

Matasan Yukren da yaƙi ya koro tun daga Fabrairun 2022 sun ƙara wani salo. Makarantarsu ta gida shekara 11 ce kuma ana gamawa a kusan shekara 17, don haka ɗan shekara 16 da aka sa a aji ɗaya na liceum, da harshen da bai ƙware ba da matura a Polanci a gabansa, yakan ga ya fi masa sauƙi ya ci gaba da makarantar Yukren ta intanet. Sai daga Satumban 2024 Poland ta wajabta musu zuwa makarantar ƙasar, daga baya kuma aka ɗaure tallafin yara na zuloti 800 (kuɗin Poland) a wata da wannan sharaɗi.

A 2024 matsin ya sassauta da kansa, domin rukunin da ya kammala firamare a shekarar bai kai rabin na shekarar da ta gabata ba, makarantu suka koma neman ɗalibai. Sabuwar ministar ilimi, Barbara Nowacka, ta rage abubuwan da ke cikin manhaja da kusan kashi ɗaya cikin biyar daga Satumban 2024. Maki 200 da zaɓen aji tun ana ɗan shekara 14 ko 15 da bashin bambancin manhaja kuwa ba su cikin abin da aka taɓa a lokacin. A watan Mayun shekarar ne kuma 'yan technikum da suka shiga daga aji takwas a 2019 suka zana matura, shekara biyu bayan 'yan gimnazjum da suka shiga liceum rana ɗaya da su.